Haƙora Huɗun Da Arbey Ya Ƙara

Akwai wani kafinta a garinmu Manzanares, sunansa Arbey Giraldo. Hannunsa na da kyau a aiki, amma bakinsa ya fi hannun sauri. Yana da jan babur irin na tsere, wanda sai ka kwanta a kan tanki kake tuƙa shi. Matarsa Nubiela takan ce a gidansu babur ne ke fara wanka kafin mutane.

Ita Nubiela shekara uku tana karatun jarrabawar ɗaukar malaman gwamnati, tana yi tana sayar da wainar masara a bakin ƙofa. Allah Ya taimake ta ta zo ta huɗu. Kun san yadda ake yi: a tara kowa a babban birninmu Manizales rana ɗaya, a riƙa kiran suna bi da bi, kowa ya miƙe ya zaɓi makarantar da yake so. Wanda aka kira ba ya nan, sai abin da aka rage. Akwai gurbi ɗaya a makarantar bayan layinsu, tafiyar minti goma da ƙafa. Shi take so, don ta riƙa kwana a gidanta tana leƙa mahaifiyarta mai ciwon ƙafa. An sa ranar Talata, ƙarfe goma na safe.

Saura kwana tara, ranar Lahadi, muka fita hawan dutse da babura mu bakwai, aka bar Arbey a baya. Har mai tsohon babur ya wuce shi yana ɗaga masa hannu. Da muka zauna shan kofi sai muka sa shi a gaba. Ba zan ɓoye muku ba, ni na laƙaba masa Kunkuru. Ni ne kuma na ce masa ai sirrin na wajen farantin sarƙa na ƙafar baya, in aka ƙara masa haƙora babur zai riƙa zabura kamar an tsikare shi. Rabin maganar gaskiya ce, rabi tsokana. Shi kuwa ya kwashe duka.

Washegari sai ga shi a garejin Baba Evelio, tsohon da ya yi shekara talatin yana gyaran babura.

"Baba, faranti nake so mai haƙora arba'in da bakwai. Wancan na alminiyum, mai launin zinariya."

Tsohon ya tsuguna, ya ja sarƙar da yatsa biyu, ya duba haƙoran. "Naka arba'in da uku ne, ɗana. Idan kana son ƙarfin hawa, ƙara ɗaya ko biyu, kuma ka ɗauki na ƙarfe. Sannan ka sauya su gaba ɗaya, sarƙa da ƙaramin na gaba da babban na baya. Ukun nan tare suke tsufa."

"Sarƙar ai da sauranta."

"Da sauranta a kan tsohon faranti. Ka ƙara haƙora huɗu, ta yi maka kaɗan. Ko ta shiga ba za ta sami wurin numfashi ba. Ranar da ka goya mutum, bayan babur ya zauna, sai ta ƙara ɗamewa."

Arbey ya yi dariya. "Baba, ku dai 'yan da ne. Na ga wani a bidiyo ya sa hamsin."

"To shi na bidiyon ya ɗaura maka. Ni hannuna ba zai yi wannan aikin ba."

Arbey ya tsallaka wani shago ya sayo abinsa. A tsakar gida ya ɗaura da kansa. Ya turo ƙafar baya gaba har ƙarshen wurinta, ya yi ta dambe da sarƙa har ta hau. Ta miƙe ƙyam kamar tsirkiya. Ya zaga gari sau biyu shi kaɗai, babur na ɗaga kai, ya zo ya tsaya a gabanmu ya ce, "Ina mai cewa Kunkuru?" Muka tafa masa. Har da ni.

Ranar Litinin da yamma Nubiela ta ce za ta je ta kama kujera a motar asuba.

"Wace mota kuma, Malama? Motar da ke tsayawa ɗaukar kaji a kowace kwana? Mu tashi ƙarfe shida, kafin tara kina Manizales kina shan kofi."

"Maigida, wannan fa ba yawon Lahadi ba ne."

"Ki bar min. Ranar girmanki ce, ni zan kai ki."

Ta dube shi, ta ga yadda yake ɗoki, ta haƙura.

Suka tashi ƙarfe shida, takardunta cikin leda a ƙirjinta. Tun daga garin Padua sarƙar ta fara wani irin gurnani. Ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ba ka ji wani ƙara ba?" Ya ce sabon faranti ne ke zama.

Saura kaɗan su kai ƙololuwar dutsen Letras, inda hazo ke rufe hanya, suka faɗa wani ɗan rami. Ji kake ƙas! Babur ya yi ihu, amma ƙafar baya ba ta ja. Arbey ya lallaɓa ya tsaya a gefe. Sarƙar na can kwance a kwalta kamar mataccen maciji. Da za ta tsinke ta doki jikin injin, ga baƙin mai na tsiyaya.

Ƙarfe takwas da rabi.

Ya ɗauko sarƙar, ya juya ta, ya sake juya ta. Ba shi da abin haɗawa, ko da akwai ma injin ya fashe. Ya ɗaga waya sama, ya hau kan dutse, ya sauko. Babu sabis ko layi ɗaya. Sanyi ya sa yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa.

Motoci na fitowa daga cikin hazo su wuce. Wa zai tsaya wa mutum biyu masu hular kwano a wurin da ba kowa? Nubiela ta cire tata hular don a ga mace ce, ta tsaya tana ɗaga ledar takardu. Mota ta shida ta rage gudu, direban ya leƙo, ya ƙara mai.

"Malama, ki yi haƙuri, yanzu wata za ta..."

"Arbey, don Allah ka yi shiru. Kar ka ce komai."

Ya koma gefen babur ya tsaya. Tun da na san shi ban taɓa jin an ce ya yi shiru ya yi ba sai ranar.

Tara da kwata. Tara da rabi. Ta daina duba agogo, shi ya ci gaba da dubawa.

Goma saura minti ashirin wata tsohuwar motar dankali ta tsaya. Direban ya ce wurin mutum ɗaya ne, kuma da wannan lodin ba zai yi gudu a gangara ba. Nubiela ta hau ba ta waiwayo ba. Daga baya ta ce direban ya yi iya yinsa, har ya tsiyaya mata ruwan mazarƙwaila mai zafi daga gorarsa, amma kofin ya huce a hannunta.

Sha biyu saura ta shiga zauren. An kira sunanta sau uku tun goma da minti goma. Wadda ta zo ta biyar ta ɗauki makarantar bayan layinsu. Nubiela ta roƙa, ta nuna baƙin man da ya ɓata mata wando. Matar da ke kan tebur ta ce ta tausaya mata ƙwarai, amma ba ta da ikon mayar da layi baya. Abin da ya rage shi ne wata makaranta mai aji ɗaya a can cikin duwatsu, tafiyar awa shida a mota, sannan awa ɗaya a kan alfadari. Ta sa hannu. Shekara uku ba abin zubarwa ba ce.

Shi kuwa Arbey yana nan a kan dutse har la'asar, yana gadin babur da ba ya tafiya. Saƙo ya isa gari ta bakin wani direba, Baba Evelio ya taho da a-kori-kura. Ya duba injin. Ya miƙa wa Arbey bargo, ya ce, "Kama can, mu ɗaga."

Yanzu Nubiela sau ɗaya take zuwa gida a wata. Arbey ne ke kai wa surukarsa abinci, shi ke shafa mata magani a ƙafa. Ran nan na gan shi a tasha ya raka matarsa, jakarta a kafaɗarsa. Ya ce mata, "Malama, sun ce bayan shekara biyu ana iya neman canjin wuri."

Ta karɓi jakar ta ce, "Sun ce ana iya nema." Ta shiga mota.

Darasi: In mai sana'a ya ce hannunsa ba zai yi maka aiki ba, tsaya ka tambaye shi dalili, kar ka tsallaka shagon gaba. Girman kai da ka ɗaura da hannunka ba lallai kai zai kayar ba, sau da yawa wanda ya yarda da kai ya hau bayanka shi yake kayarwa. Mu kuma masu zuga, mu san irin kunnen da muke zuba wa wasa. Ku tura wa duk wani ɗan'uwa mai babur, musamman wanda ba ya jin bari.