Wayar da Sambo Ya Manta

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake gwanjon tsofaffin motocin soja, ana ce masa Sambo mai wayarin, don gyaran wutar mota ne sana'arsa. Bawan Allah ne, ba ruwansa da hayaniya. Shi ke kula da wata tsohuwar motar soja da Alhaji Maiwada ya saya yana dakon albasa da ita.

Ran nan direban motar, Tanimu, ya taka birki a gangare, wani mai a-kori-kura ya daki bayansa. Allah ya tsare rai, amma mai a-kori-kurar ya karye a ƙafa, kuma ya rantse fitilar birki ba ta kama ba. Alhaji ya ce tuƙin gangancin Tanimu ne ya tsinke wayoyi, in haka ta tabbata ya ajiye makulli. Tanimu kuwa 'ya'ya shida gare shi.

Aka kira Sambo. Ya sa Tanimu ya riƙa taka birki, shi yana baya yana dubawa. Ƙwan fitila lafiya. Fiyus lafiya. Makunnin da ke ƙarƙashin birki ma lafiya lau. Sai ya kwanta ya shige ƙarƙashin mota.

To, ku saurara. Akwai wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, in babu ita fitila ba ta kamawa. Ga ta nan tana reto. Shi da kansa ya kwance ta makon jiya zai kankare tsatsa, aka kira shi wani aiki, ya manta. Babu mai ganinsa, jama'a! In ya ɗaure ta, ya ce girgizar hanya ce, wa zai musa? Wallahi ina tausayin bawan Allahn nan.

Ya fito ya ce, "Alhaji, Tanimu ba shi da laifi. Ni na kwance wayar nan ban mayar ba."

Alhaji ya zage Sambo tas, ya ce kada ya sake taɓa masa mota. Sambo ya wuce asibiti ya nemi gafarar wanda ya karye. Tanimu ya ci gaba da aikinsa.

'Yan'uwa, faɗin gaskiya a kan wani ba wuya, a kan kanka ake gane mai tsoron Allah. Kai da ke zaune nan, wa ke shan zagi yau saboda kuskurenka kana shiru? Tashi ka je ka wanke shi tun yana da amfani.