Maganar da Ba Ta Fita Daga Ɗaki Ba

Akwai wani mai ɗaukar hoto da ake kira Gwani. Ba mugu ba ne, da hannunsa yake jinyar mahaifinsa. Sai dai yana da hali guda: abin da idonsa ya gani shi ne gaskiya, na kowa kuwa surutu ne.

Intanet ɗin gidansu ta tsohon layin tarho yake shigowa, gidan kuma shi ne na ƙarshe a titin. Wata rana mai gyara ya duba tsatsar da ta ci wayar a bango, ya ce, "Maigida, layin nan yana karɓa da sauri, amma wajen aikawa rarrafe yake yi. Ga nisa, ga tsufa. In ana ruwa kuwa, sai addu'a."

Gwani ya yi dariya. "Malam, fim nake kallo, ko tari ba ya yi. Sabon kaya dai kake son sayar mini."

Yayar Gwani tana zaune a wata ƙasa mai nisa. Shekara uku ba sa magana da mahaifinsu, saboda wata kalma mai zafi da ta faɗa masa ranar tafiyarta. Wata la'asar, ana yayyafi, numfashin tsohon ya fara sarƙewa. Ya ce, "Nemo mini uwata." Haka yake kiranta tun tana goye.

Gwani ya ɗora kwamfuta a kan kujera, kusa da gado, ya kira ta. Fuskarta ta fito tar, har hawayen ana gani.

Ta ce, "Auta, ba na ganinku sosai, muryarku tana yankewa. Kashe hoton nan, ka kira ni ta tarho kawai."

"Haba Yaya, ga ki nan kamar kina ɗakin! Ai lafiya lau yake. Bari Baba ya gan ki."

"Auta, don Allah..."

Tsohon ya ɗago kai da ƙyar, ya dubi 'yarsa. "Uwata, na yafe miki tun kafin ki kai bakin titi. Ke ma ki yafe mini." Ya mayar da kansa kan matashi. Bai sake magana ba. Kafin rana ta faɗi, ya cika.

Can sai tarhon da ke kan tebur ya yi ƙara. Gwani ya ɗauka, ya ji yayarsa ce, ya gaya mata rasuwar. Sai ta ce, "Na ga ya buɗe baki, sai hoton ya tsaya cak. Me ya ce?"

Ya maimaita mata, kalma bayan kalma.

"Da gaske ya faɗa, Auta, ko lallashi na kake yi?"

Ya rantse. Ta ce to. Amma ya ji irin "to" ɗin, ya kuma san haka za ta riƙa tambayarsa har tsufansu.

Darasin shi ne, jin wani da kyau ba ya nufin shi ma yana jin ka. Kowane kayan aiki yana da iyakarsa, kuma wanda ke ɗaya ɓangaren ya fi ka sanin abin da ya iso gare shi. In ya ce bai ji ba, ka yarda, ka sake hanya tun mai maganar yana da numfashi.