Notin da Mainasara Ya Liƙe da Gam

A garin Wara akwai wani bakanike ana ce masa Mainasara. Aiki kam ya iya, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Amma Allah ya jarrabe shi da gaggawa da son a ce. Mutum ne ƙaƙƙarfa, kullum kirarinsa ɗaya: "Noti ba shi kwana garejina." Masu zaman gindin mangwaron garejin su yi ta zuga shi, shi kuwa kansa sai ƙara kumbura yake yi.

Yana da aboki tun na ƙuruciya, Gideon, direba mai jigilar kifi da fasinja tsakanin Wara da Yauri. Wata ranar damina Gideon ya kawo motarsa, an duba aka ga gasket ɗin manifol ya ci. Manifol shi ne ƙarfen nan mai rassa da ke shigar wa inji iska. Sai an kwance notukansa kafin a sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakaninsa da inji, in kuwa bai ɗauru daidai ba, inji ya riƙa shan iskar banza yana mutuwa.

Notukan duk suka fita ban da ɗaya na can lungu. Ruwan hanya da tsatsa sun kama shi tam. Gideon ya leƙa ya ce, "Wanga noti ya ci tsatsa, Mainasara. Zuba mishi man birki ka bar shi ya kwana. Ni ba sauri nikai ba."

Mainasara ya dubi 'yan gindin mangwaro ya yi dariya. "Shi kwana? Garejin wa? Tahi ka ci tuwonka, kahin ka dawo an gama."

Gideon na ba da baya, gogan naka ya zura bututun ƙarfe a bayan sufana don ƙarin ƙarfi, ya dafe ƙafa a taya, ya ja iyakar jansa. Sai ji ya yi ƙas! Sufana ta tafi sakayau. Kan notin ya faɗo, gindinsa ya maƙale a cikin inji.

Ya waiga, ba wanda ya lura, hira ta ɗauke musu hankali. Maganin abin ba ɓoyayye ba ne, ya san shi sarai: a kira mai walda ya ɗana wani noti a kan guntun, zafi ya sassauta tsatsar, a warware a hankali. Ga Mamman mai walda can tsallaken hanya, ana ma jin ƙarar injinsa. To, amma Mamman ne wanda ya sha yi wa gori a gaban mutane, yana ce masa mai liƙe-liƙen tukwane. Yau kuma a gan shi ya je roƙo? Kafin la'asar duk Wara ta ji noti ya kayar da Mainasara.

Kai, girman kai bai yi ba! Sai ya sa sabon gasket, ya ɗaure sauran notukan, ya ɗauki karyayyen kan nan ya shafa masa gam ya manna a gurbinsa. Ya goga baƙin mai a kai. Ko shi kansa da ya ja baya ya duba, sai ya ga kamar ba abin da ya faru.

Gideon ya dawo ya tayar da mota, ta tashi. Ya yi ta sa albarka. Bayan 'yan kwanaki ya zo yana cewa motar tana kakkarwa in ya ɗaga ƙafa daga totur. Mainasara bai ko buɗe bonet ba, ya ce, "Man bumburutu ne kake sha mata. Canza gidan mai." Yana faɗa yana kallon gefe.

Ana nan, ran nan da hantsi, ƙanwarsa Yasira ta faɗo garejin ba ko mayafi. "Yaya, Inna! Maciji, kasa, ta sare ta a gonar gyaɗa!"

Ya yar da sufana ya ruga. Ya tarar an ɗauko mahaifiyarsu, ƙafar ta fara kumbura, tana ta salati a hankali. Mai duba marasa lafiya na unguwarsu ya ce ba shi da allurar dafin maciji, a yi maza a kai ta Yauri. Ranar kasuwa ce, motoci duk sun fita. A tafkin da ake bi ta jirgin ruwa zuwa Yauri kuma iska ta tashi, ba mai jirgin da zai yarda ya shiga. Mota ɗaya ta rage a gari, ta Gideon. Gideon ya sauke kwandunan kifinsa a ƙasa ya ce, "Ku sa ta ciki. Inna uwata ce."

Mainasara ya ga motar, ya tuna notin da ya liƙe da gam. Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga mutane cike, ya haɗiye.

Da farko motar ta yi gudu. Amma hanyar duk ramuka ce da taɓo, kowane rami kuwa girgiza manifol yake yi, gefen da ba noti yana ƙara buɗewa. Gideon ya rage gudu zai shiga wani kwari, mota ta yi tari ta mutu. Ya tayar da ƙyar. Suka ɗan taɓa, ta sake mutuwa. A karo na gaba ta ƙi tashi sam, a tsakiyar daji, inda ba mai son tsayawa.

Yasira tana kuka a baya. "Yaya, kumburin ya wuce gwiwa! Ƙafar baƙi take yi!"

Inna ta ce da ƙaramar murya, "Bari kuka. Ba ga yayanki ba? Shi da ba motar da ke gagara tai."

Wannan magana ta soki Mainasara fiye da wuƙa. Gideon ya buɗe bonet ya ce, "Ina jin tsotson iska ta nan. Amma ai kai ka ɗaure wurin da hannunka." Ya kai yatsa lungun ya taɓa notin. Zafin inji ya riga ya cinye gam ɗin. Kan notin ya ɓalle ya faɗo a tafin hannunsa.

Gideon ya juya shi, ya ga busasshen gam a gindinsa. Ya ɗaga kai ya dubi abokinsa. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Mainasara, da ka gaya min."

Mainasara ya yage rigarsa, ya yanko robar tsohon tiyub, ya cusa a ɓarakar, ƙarfe yana ƙona masa yatsu bai ko ji ba. Suka tura, ta tashi, ta yi 'yar tafiya, robar ta narke. Haka suka yi ta fama, tura da cusawa, har rana ta karkata kafin suka shiga Yauri.

Allah ya yi Inna tana da sauran kwana. Amma likita ya ce dafin ya daɗe, naman ya mutu, dole a yanke ƙafar. Da Mainasara ya ji, sai ya durƙushe a bakin ɗakin yana kuka kamar yaro. Gideon ya zo ya buɗe masa tafin hannu, ya saka kan notin nan, ya tafi.

Har yau Inna ba ta san dalili ba, cewa take yi ƙaddara ce, kuma tana yi masa addu'a saboda wahalar da ya sha a hanya. Kowace safiya yana jin ƙwas, ƙwas ɗin sandarta a tsakar gida, ya kasa haɗiye kokonsa. Kirarin nan kuwa ba a sake jin sa a bakinsa ba.

Darasi: Karyewar noti ba abin kunya ba ne, kowane mai sana'a yana gamuwa da ita. Abin kunya shi ne a ɓoye ɓarna don gudun a ce an kasa. Abin da haƙurin kwana ɗaya zai warware, kada ka sa masa ƙarfi. In ka yi kuskure ka faɗa, ka nemi wanda ya iya ko da ka taɓa raina shi. Duk aikin da aka ba ka amana ce, domin ba ka san wanda zai shiga motar da ka yi wa ha'inci ba. Wataƙila naka ne.