Gwangwanin Kofin Orval

A garinmu na Montana babu mai yi wa dawakai takalmin ƙarfe kamar Orval Tveit. Hannunsa na dama shi ne abincinsa. Aibinsa ɗaya, ya gwammace ya mutu da ya ce bai sani ba.

Da lokacin farautar barewa ya matso, sai ya ce ya gaji da sayen harsashi, zai riƙa ɗura nasa. Muka je shagon tsoho Merle, mai sayar da kayan bindiga. Merle ya jera masa injin matse kwanson harsashi, da sikeli, da littafin awo, da albarushi mai suna a jikin gwangwaninsa.

Orval ya ɗauki injin kaɗai.

"Sikelin fa, ɗana?" in ji Merle.

"Baba, ido gare ni. Littafi kuwa ba wa Dwight, ko ya gama makarantar da ya gudu."

Dwight ni ne. Na yi dariya, amma na riƙe maganar a zuciya.

Albarushin nasa a gwanjon kayan wani mamaci ya samo shi, cikin gwangwanin kofi, babu rubutu ko ɗaya. Duk mai ɗura harsashi ya san irin wannan a gona ake zubar da shi. Orval ma ya ɗan yi shakka, don ya miƙo mini a garejinsa yana kallon gefe.

"Kai mai baki, wane iri ne wannan?"

Ni kuwa duk lardin nan babu wanda ya kai ni iya ƙarya da fuska a ɗaure. Na shinshina, na ɗanɗana, na lumshe ido. "Na doguwar bindiga ne. Amma in kana tsoro, mu je Merle ya duba maka."

"Tsoro? Ni?"

Ya cika kwansayen da cokali. Niyyata ya sha hayaƙi, gemu ya babbake, in samu labarin bayarwa. Ashe na ƙaramar bindiga ne, mai ci kamar walƙiya.

Ranar Asabar muka fita bayan gari da mutum shida. Na koma bayan mota. Orval ya saita, ya ja kunama. Bindigar ta tsage kamar rake. Da hayaƙin ya washe, yatsu uku na hannunsa na dama ba sa nan, har da babban.

Merle ya je asibiti, ya dubi hannun, ya ce, "Idon dai yana nan, ɗana."

Yanzu wani baƙo ne ke yi wa dawakanmu takalmi. Orval ke riƙe masa linzami da hagu. Bai taɓa faɗin wanda ya shinshina gwangwanin ba, domin sai ya yarda cewa ya taɓa yin tambaya.

Darasin shi ne, in za ka fara sana'ar da ke iya cin naman jikinka, sayi ma'auninta, ka karanta littafinta, ka zubar da abin da ba ka san asalinsa ba. In za ka yi tambaya, tambayi masani a gaban kowa. Kada kunya ta kai ka wurin irina.