Gurbi Ɗaya a Kamfanin Casar Shinkafa

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan, yau akwai shari'ar da nake so ku yanke mini.

Wani saurayi ne ana ce masa Nafi'u. Shekara huɗu da gama jami'a da bautar ƙasa, aiki ya ƙi samuwa. Takardunsa har sun fara yagewa a wurin ninki saboda yawan fitarwa da mayarwa. Abin da ya fi hana shi sukuni, saura wata biyu ya cika talatin, kuma yawancin tallan aikin da yake gani sai su ce ba sa son wanda ya kai talatin. In ya tuna, gumi kan karyo masa ko da a inuwa yake zaune.

Rannan aka kira shi intabiyu a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan gari. Mutum ɗaya tak suke nema, wanda zai kula da kare ma'aikata daga haɗari. Cikin ɗaruruwa an tace, saura uku. Da ya shiga ɗakin jira sai ya tarar sauran biyun abokansa ne tun ajin farko a jami'a. Ga Hindatu, wadda ta karanci kimiyyar sinadarai, ita ce babba cikin marayu shida. Ga Sagiru, wanda ke raɓe a gidan yayansa, matarsa da tsohon ciki. Suka gaisa da fara'a, amma kowa ya kasa kallon idon ɗan'uwansa.

Manajan, Alhaji Tukur, ya ce kafin tambayoyi zai zagaya da su su ga wurin. Suna bayan injin turara shinkafa sai ihu ya tashi. Akwai wani rami mai zurfi, mai ƙaramin baki, inda ruwan jiƙon shinkafa ke taruwa. Magudanarsa ta toshe, wani dattijon lebura, Baba Ɗanjuma, ya ɗaga murfi ya sauka don ya buɗe ta. Da suka leƙa, ga shi can ƙasa a kife, ba ya motsi.

Lebura biyu suka yi kan tsani za su sauka. Hindatu ta riga su, ta tsaya a bakin ramin ta ware hannuwa. Ta ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ta san abin da ke ciki. Ta ce, "Wallahi duk wanda ya sauka yanzu gawa za a fito da shi! Iskar ciki guba ce." Wani ya daka mata tsawa, ya ce mutum na mutuwa tana turanci, har ya ture ta ta faɗi, gwiwarta ta fashe. Ta tashi ta koma ta tsaya a wurin. Ita ta hango injin da ke hura ƙaiƙayi, ta sa aka jawo shi, aka zura bututunsa cikin ramin don ya hura iska mai kyau. Ta ce a ɗaura wa mai sauka igiya a ƙugu, kuma kada ya ja numfashi in ya kai ƙasa. Da ba ta tsaya ba, da ramin nan ya ci mutum uku ko huɗu kafin a gane dalili.

Sai dai da aka zura bututun, bakin ramin ya ƙara ƙanƙancewa. Leburorin duk ƙarti ne, kafaɗunsu ba za su shige ba. Idanu suka juyo kan Nafi'u, siriri kamar kara. Shi kuwa tun yana ƙarami ko ɗaki aka rufe da shi sai ya ji kamar an shaƙe shi. Zuciyarsa ta ce masa, kai ba ma'aikacinsu ba ne, ba wanda zai zarge ka. Ya tuna mahaifiyarsa da ta raka shi bakin ƙofa da addu'a da safen nan. Duk da haka ya cire takalmi, ya ɗaga hannuwa aka ɗaura masa igiya, aka ba shi ta biyu don dattijon.

Kowace taka ɗaya hasken sama na raguwa. Tsanin na santsi, idanunsa na zafi kamar an zuba barkono. Ya cika ƙirji da iska a bakin bututu, ya dira cikin ruwa mai yauƙi har gwiwa. Ya lalubi dattijon, ya zura masa igiya ta biyu ta ƙarƙashin hammata. Ƙullin farko ya kwance, yatsunsa sun ƙi yi masa biyayya. Ƙirjinsa kamar zai tsage, kunnuwansa na ƙara, yana ganin wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Ya sake ƙullawa, ya fizgi igiya. Bai san lokacin da aka jawo shi ba, sai dai ya farka a kan siminti yana amai. Da bai sauka ba, da duk dabarar Hindatu ta tashi a banza.

Daga inda yake kwance ya ji ana salati. An fito da Baba Ɗanjuma ba numfashi, har wani ya cire rawani zai lulluɓe shi. Sagiru ya fizge rawanin ya jefar. A wani asibitin ƙauye ya yi bautar ƙasa, a can ya koyi yadda ake dawo da numfashi. Ya share wa dattijon baki da yatsa, ya haɗa hannuwa yana danna masa ƙirji, yana hura masa iska baki da baki, duk da warin da ke sa na kusa ja da baya. Ɗan'uwan dattijon, wanda shi ma lebura ne a wurin, ya riƙe masa wuyan riga ya ce, "Ka bar wulaƙanta gawa! In ka karya masa ƙashi, ni da kai ne." Sagiru bai ko ɗago ba. Hannuwansa suka sage, gumi na ɗiga a fuskar dattijon, ya ci gaba. Can sai Baba Ɗanjuma ya yi wani tari, ruwa ya fito ta hanci. Da Sagiru ya saurari mutane, da Nafi'u gawa ya hauro da ita.

Bayan an tafi da dattijon asibiti, Alhaji Tukur ya kira su ofis. Ya ce, "'Ya'yana, ba ni da sauran tambayar da zan yi muku. Na buga wa masu kamfani waya, na roƙe su su ba ni gurbi uku, sun ce ɗaya ne, ɗayan ne. Takardar ga ta, suna kawai ya rage in rubuta."

Nafi'u ya dubi gwiwar Hindatu da ke jini, ya dubi hannuwan Sagiru da suka sage wajen danna ƙirji. Tsoron da ya ji a lokacin ya fi na cikin rami, don bai san wanne ya fi gudu ba, a kira sunan wani ko a kira nasa.

To, alƙalami na hannunku. Wadda ta tare bakin rami, ko wanda ya sauka, ko wanda ya ƙi yarda an mutu: sunan wa za ku rubuta?