Gayyar da Inna Dela ta kira wa Muntari

Akwai wani ɗalibi ɗan Garhanga mai suna Muntari, yana shekarar ƙarshe a jami'ar Tawa. Abin da ya rage masa ya karɓi digiri shi ne memwar, wato littafin binciken kammala karatu. Nasa a kan tassa ne, ramukan da manoman Adar ke haƙawa a faƙo don su riƙe ruwa.

Wata takwas ana abu ɗaya, sunan littafin kawai ya rubuta. Yau zafi, gobe babu wuta, jibi ciwon kai. Muntari wajen kawo uzuri ba shi da na biyu.

Da damina ta faɗi, sai ya samu uzurin da ya fi kowane: mahaifinsa na ciwon ƙafa, dole ya je gida noma.

Wata safiya malamin da ke duba aikinsa ya kira shi a waya. Mako uku ya rage. In bai miƙa ba, shekara ta tafi a banza.

"Malam, noma ne ya hana ni," in ji Muntari.

Ashe ƙanwar mahaifinsa, Inna Dela, tana surfe a bayan danga. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma kunnenta ba ya barci. Ta aje taɓarya ta fita, gida gida.

Ranar Alhamis Muntari ya isa gona ya tarar da mutum talatin da huɗu sun jeru, mai ganga na kiɗa. Gayya ce aka kira. Ya sunkuya zai kama kunya, Inna Dela ta fizge hauyar.

"Ɗana, kai ka ce noma ya hana ka. To, mun ɗauke maka shi. Sai mi kuma?"

Ta nuna masa tabarma a gindin aduwa, da jakarsa da ta ɗauko daga gida.

Ya zauna yana kallon farar takarda, har idonsa ya cika da ƙwalla.

"Inna, ba noma ba ne. Tsoro nike ji. Ban san inda zan soma ba."

"Ai na sani," ta ce. Ta ɗaga murya: "Malam Habu, taho ka hwaɗa ma yaronga yadda kunka soma tassa!"

Tsoho Habu ya zo yana share zufa, ya zauna. Ya faɗi zurfin rami, da yawan takin da ake zubawa, da shekarar da faƙon bayan gari ya fara ba shi dami ashirin. Yana tashi wani ya gaje shi. Kafin azahar an gama noman gonar, Muntari kuma ya cika shafi goma sha ɗaya.

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ya fassara wa Inna Dela abin da ya rubuta. In ya zo bai rubuta komai ba, ta ce ya koma. In ya yi kuskure, ta kama shi: "A'a, ba cikin damina aka haƙa ba, tun da rani." Wallahi matar nan ta burge ni.

Saura kwana biyu ya miƙa aikin. Malamai suka yaba, ya ci.

Da ya dawo gida, aka taru a ƙofar mahaifinsa. Ya buɗe shafin godiya ya karanta sunaye talatin da biyar, na Inna Dela a sama. Can Malam Habu ya matso, ya ɗora yatsa a kan takardar.

"Ina nawa yake? Sake karanta shi in ji."

Darasi: Sau da yawa ɗalibin da ke ta cewa "sai gobe" ba rago ba ne, tsoro ne ya riƙe shi. Kafin ka zage shi, ɗauke masa nauyi ɗaya ka zauna kusa da shi. Ba sai ka yi boko ba kafin ka taimaki mai karatu. Tura wannan ga ɗalibin da ka san aikinsa ya tsaya, da kuma danginsa.