Hanyar da Jakar Tabawa Ta Zaɓa

Dalilin da ya sa hanyar hawa Tudun Marke take lanƙwashe-lanƙwashe, ba ta miƙe ba, ku matso in gaya muku.

A da hanyar miƙe take sak. Akwai wata maginiyar tukwane, Tabawa, da tsohuwar jakarta mai ɗauko mata yumɓu daga fadama. Da girma ya kama jakar, sai ta riƙa togewa a tsakiyar hawa. Mijin Tabawa, Jatau, mutum ne mai gajen haƙuri.

"Ranar kasuwa zan kai ta wurin mahauta," in ji shi. "Ƙiwuya ce."

Abin ya yi wa Tabawa ciwo, don da wahalar wannan jaka ta reni 'ya'yanta. Ta lura wani wurin jakar na hawa lafiya, wani wurin kuma ko da duka ba ta motsi. Sai ta kafa kan sandarta a jikin tudu, ta miƙar da ita a kwance, ta ɗora ƙoƙon ruwa don ta ga ta daidaita. Sannan ta auna daga bakin sandar zuwa ƙasa da tafin hannu. Inda jakar ke hawa, taƙi ɗaya. Inda take togewa, taƙi uku.

"Malam, ba ƙiwuya ba ce. Hawan ne ya fi ƙarfinta."

Jatau ya ɗauko gorarsa ta dogarawa ya auna inda ta ce taƙi ɗaya, ya sami biyu. Ya yi dariya.

"To ga awonki ya ƙaryata kansa."

Tabawa ta matso kusa. Ta daɗe tana kallon gorar, sannan ta jera sandarta a gefe. Gorar ta ninka sandar tsawo.

"Taka sanduna biyu ce, Malam. Biyu a kan biyu, ai ɗaya a kan ɗaya ke nan."

Jatau dai bai ce ta yi gaskiya ba, kun san hali. Amma da safe shi ya fara ɗaukar fartanya. Suka sare sabuwar hanya a kaikaice, duk inda hawan ya wuce taƙi ɗaya su juya. Ranar kasuwa jakar ta hau har ƙofar gida da yumɓu a bayanta, mahauta suka gaji da jira.

Shi ya sa har yau kuke ƙorafin hanyarmu ta yi nisa, amma tsoho da tsohuwa duk suna isa gida da ƙafarsu.